Kaska a Yatsan Inna

Fatakwal, farkon kaka

Zuwa ga ƙanwata Hasiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Sha'aibu da yara. Yaya jikin Inna? Ki gaishe mini da Baffa Ubale da yayanmu Hamma Lado, ki ce ina yi musu barka da aikin gona. Mu nan lafiya lau, sai dai nauyin nan da nake ɗauke da shi. Saboda ɓarin da na yi bara, likita ya ce kada in kuskura in shiga motar doguwar tafiya sai na sauka. Da ba don haka ba, da ni za ki gani maimakon wannan takarda.

Na koma rubutu ne saboda wayar Baffa ba ta da amfani a wurina. Sai ya hau dutse kafin a samu sabis, ya buɗe ta kowa yana ji, kuma duk abin da na tambaya amsarsa ɗaya ce, lafiya lau. Sabo direba, wanda yake kawo masara nan daga Tudun Wada, ya yarda ya riƙa ɗaukar mana saƙo.

Na karanta takardar asibitin da kika aiko. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyar Inna ta gaji. Shi ya sa ƙafafunta suke kumbura, numfashi yake yi mata wuya in ta kwanta. Irin wannan ciwon lallaɓa shi ake yi. A riƙa ba ta maganinta kan lokaci, a rage gishiri, kuma kada a bar zuciyar tana gudu a banza.

A cikin ƙunshin nan akwai wata 'yar na'ura irin wadda muke aiki da ita a asibitin da nake. A yatsa ake maƙala ta. Lamba biyu za ta nuna, ki kula da ta ƙasa, ita ce yawan bugun zuciya a minti ɗaya. Ga babban mutum da yake zaune yana hutawa, daga sittin zuwa ɗari babu laifi. Abubuwa da yawa suna tayar da shi. Goro na farko, kin san Inna da goro. Sai shayin nan mai kauri da Baffa yake dafawa. Zazzaɓi yana tayar da shi, haka zafin rana da ƙishirwa da ƙarancin jini. Ɗaukar ƙwarya zuwa wurin tatsa ma aiki ne ga zuciya irin tata. Kada ki bari a sayo mata maganin mura a kemis, wasu suna sa zuciya gudu. Sannan tsoro da ɓacin rai.

Ni ina nesa, ke ce idona. Duk abin da kika ga yana tayar mata da lambar nan, ki raba ta da shi, ko tana so ko ba ta so.

Yayarki,
Lubabatu

Falgore, ana yankan dawa

Adda Lubabatu,

Amin wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso lafiya. Duk muna lafiya, kowa yana amsawa, Allah ya sauke ki lafiya. Jikin Inna da sauƙi wata rana, wata rana babu.

Adda, riƙon da Goggo ta yi miki a Kiru bai tashi a banza ba, kin iya ba da umarni daga nesa. Ki raba ta da goro, in ji ki, kamar cire ƙaya a zani. Ki zo ki gwada. Na ƙwace na cikin faifai, na samu wani a gefen zaninta. Na ƙwace wannan, sai ga wani a ƙarƙashin matashi, ya bushe kamar tsakuwa. Ta ce ni ba 'ya ba ce, 'yar sanda ce. Amma gaskiyarki, ranar da ta ci a ɓoye lambar tana tona mata asiri, har ta daina musu.

Na'urar taki ta samu suna. Ranar farko da na maƙala mata, Inna ta dube ta ta ce, "Wannan kaskar ba ta shan jini?" Yanzu duk gidan kaska ake ce mata. Baffa ma ya miƙo yatsansa bayan ya sha shayinsa, da ya ga abin da ta nuna sai ya ce ƙarya take yi, bai sake miƙowa ba. Makon jiya Inna ta yi zazzaɓi, lambar ta haura ɗari, da maganin ya kama ta sai ta sauko. Tatsa kuwa na hana ta gaba ɗaya. Tana zaune a bakin ƙofa tana gyara mini hannu daga nesa, wai ina jan nono kamar mai jan guga.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Bana Hamma Lado ya ce ba zai bi shanu kudu ba, Shitu ɗan Baffa ne zai kai su mashekari. Wai ƙafarsa ke ciwo. Ƙafarsa lafiya ƙalau, kowa ya san don jikin Inna zai zauna. Kullum da safe in an gama tatsa yana zuwa ƙofar ɗakinta, ya cire takalmi ya tsuguna ya ce, "An tashi lafiya?" Ita kuma ta kau da kai wajen bango ta ce, "Lafiya." Shi ke nan hirar tasu, yadda kika san ta tun muna yara. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa ido da ido.

To, wata safiya kaskar tana yatsanta ya zo. Lambar tana tamanin da 'yan kai. Yana yin sallama, ina kallo da idona, ta fara hawa, ba ta tsaya ba sai da ta wuce ɗari da goma. Bayan tafiyarsa ta sauko a hankali. Na ce ko dace ne. Washegari haka, jibi haka. Na sa maigidana ya zo ya gaishe ta, ko motsi ba ta yi ba. Baffa ya zo, shiru. Amma Hamma ko tari ya yi a bayan zana, lambar ta tashi.

Ni dai ga abin da nake zato. Kin tuna saniyarta ta gado, farar nan, da ta ɓace a daji a hannunsa bara? Inna ba ta taɓa cewa uffan a kai ba. Ina jin abin yana nan a ranta yana cinta, ganinsa yana tayar mata da shi. Kin ce ɓacin rai yana cikin abubuwan. Goro na iya ɓoyewa, shayi na iya zubarwa, amma yaya zan yi da Hamma? Ki ba Sabo amsa a wannan zuwan, don an kusa tashin shanu.

Ƙanwarki,
Hasiya

Falgore, bayan tashin shanu

Adda,

Sallama da gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa kika yi shiru. Sabo ya dawo hannu rabbana, ya ce maigidanki ya karɓi takardar a tasha, bai ba shi komai ba. Ya sake zuwa ya dawo, haka. Na roƙi Baffa ya hau dutse ya kira, maigidan naki ya ce kina hutawa. Na rasa wanda zan tambaya, ranar tashi kuma tana matsowa, sai na buɗe takardarki ta farko na sake karanta ƙarshenta.

Na kai wa Baffa maganar. Da farko ya ce shirme ne, ƙarfe bai san tsakanin uwa da ɗa ba. Na ce ya zo ya gani. Ya zauna a gefen gadon Inna kamar mai dubiya, idonsa a kan kaskar, Hamma ya zo gaisuwa. Ba sai na gaya miki abin da ya gani ba. Ya fita ya kira Hamma gindin rumbu, ni ma ya kira ni, ya ce in yi bayani. Na yi. Hamma bai yarda ba sai da aka sake gwadawa washegari, na juyo masa da fuskar kaskar daga bakin ƙofa ya ga lambar tana hawa da muryarsa.

Baffa ya ce, "Lado, ba korarka ake yi ba. Ka bi shanun bana, ka bar ta ta huta. In damina ta faɗi ka dawo ka same ta da ƙarfinta."

Hamma ya dubi ƙasa ya ce, "To." Ranar tafiya bai zo ƙofarta ba. Ya tsaya daga can bakin garke yana kallon ɗakin, ya saɓa sandarsa ya bi bayan shanu, suka yi wajen Doguwa. Na ji tausayinsa, Adda, ba zan ce ban ji ba. Amma ran Inna ake nema.

Kuma abin ya yi aiki. Tun da ya tafi lambar ba ta ƙara haura tamanin ba. Safe da yamma tana nan a kwance kamar ruwan randa. Goro ma ta daina nema, na huta da bincike. Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba, cin abincinta ya ragu. Furar da take shanyewa da, yanzu sai ta kurɓa ta ture.

Washegarin tafiyarsu ta ce mini, "Ban ji kukan shanu ba." Na ce sun tashi. Ta ce, "Da wa?" Na ce da Shitu da Hamma. Sai ta ce, "Allah ya tsare shanun." Kin gani, ko tambayarsa ba ta yi ba. Ki rubuto ki ce mini na yi daidai, don wani lokaci in na dubi ƙofar ɗakin da safe sai in ji babu daɗi.

Hasiya

Fatakwal

Hasiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Takardunki biyu jiya na gan su tare. Jinina ya hau, aka kwantar da ni a asibiti, aka ce kada a kawo mini abin da zai tayar mini da hankali. Maigidan sai ya zuba takardunki a aljihun babbar rigarsa ya yi shiru, don yana tausayina. Na yi masa faɗa har na gaji, sannan na ga ba ni da bakin yi masa, abin da na ce ki yi wa Inna shi ya yi mini.

Hasiya, kaskar nan ƙirga bugu kawai ta iya, ba ta san dalili ba. Zuciya tana gudu don tsoro, tana gudu don fushi, kuma tana gudu don murna, duk lamba ɗaya za ki gani. Na lissafa miki goro da shayi da zazzaɓi, na bar murna, don ban ɗauke ta abin da za a yi tsaro a kansa ba.

Ki tambayi kanki. 'Yarki ta fari Saude tana can Kiru wurin Goggo. Ranar da aka kawo ta hutu, kina tashi ki rungume ta? Ci gaba kike yi da daka, ki ce a ba ta ruwa, ko sunanta ba ki kira. To a lokacin, me ƙirjinki yake yi? Inna ta shekara arba'in da wani abu tana ɓoye wannan a fuskarta da bakinta. Wuri ɗaya ne ba ta iya ɓoyewa ba, mu kuma muka maƙala masa na'ura. Maganar saniya ki ajiye ta. Da fushi take yi da shi, da tuni Baffa ya ji, Inna ba ta da kunyar Baffa a kan dukiyarta. Kuma da ta ce Allah ya tsare shanun, wa kike jin take nufi?

Lambar da ta kwanta ba ta faranta mini rai ba. Rashin cin abincin ne ya tsorata ni. Mai ciwo irin nata in ta daina jiran komai, saurin tafiya take yi.

Ki je wurin Baffa yau, ki karanta masa wannan. A nemo Hamma duk inda yake. Kada ki tambayi Inna ko a kira shi, kin san abin da za ta ce. Na kira wayar Baffa har na gaji, ba ta shiga. Ina kwance a nan, ba a barina ko bakin titi, babu abin da zan iya sai wannan takarda.

Lubabatu

Falgore

Adda,

Amin wa alaikumus salam. Allah ya ƙara miki sauƙi, ya raba lafiya. Mu muna nan. Jikin Inna ya yi nauyi, kumburin ya hau har gwiwa, yanzu a jingine take barci. Mun kai ta asibiti a bayan mota, suka ƙara magani suka ce mu koma gida mu ci gaba da kula.

Na karanta takardarki a tsaye, na zauna na sake karantawa. Da na zo wurin Saude sai na rufe fuskata da gyale. Ni da nake da 'yar fari a ce ban gane ba. Na ji haushinki, na ji haushin kaskar, na fi jin haushin kaina.

Kin ce kada in tambayi Inna, amma kafin takardarki ta iso na riga na tambaya, don na ga tana ƙarewa. Na ce, "Inna, a kira Hamma?" Ta harare ni da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce, "Uban me zai yi mini? Likita ne?" Sai ta juya wajen bango. Na ɗauka iyakar gaskiyarta ke nan.

Baffa da ya ji karatun bai yi musu ba. Ya ce, "Ni ne babba, ni ya kamata in sani." Ya sa maigidana ya ɗauki babur ya bi sawunsu. Ya sha wuya, don duk rugar da ya isa sai a ce sun tashi sun yi gaba, su kuma ba waya a hannunsu. Can bayan Saminaka ya same su. Hamma ya bar wa Shitu shanun ya hau bayan babur, bai ko ɗauki bargonsa ba.

Yanzu yana nan, Adda, kuma ba ya nan. Ya ƙi zuwa ƙofar Inna. A zauren Baffa yake kwana, in zai fita sai ya zagaya ta bayan rumbuna, ya hana yara su faɗi cewa ya dawo. Ko tari ya taso masa sai ya toshe baki ya yi nisa. Na karanta masa takardarki, ya saurara har ƙarshe, ya ce:

"Hasiya, ke kika nuna mini lambar nan da hannunki. Murna ce ko fushi ne, tashi dai take yi, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"Kuma Lubabatu ta ce kada a bar zuciyar ta yi gudu."

Na ce ta faɗa, amma wannan daban ne.

"Da can tana da ƙarfi ta ɗauka. Yanzu fa? In na yi sallama abin ya tsaya, wa ya kashe ta?"

Baffa ya yi masa magana, liman ya yi masa, ya ƙi. Abu ɗaya ya ce zai sa ya shiga: ke da kika yi karatun, ki rubuto da hannunki cewa shigarsa ba za ta yi mata komai ba. In ya ji haka daga gare ki zai shiga.

Ita kuma ina jin ta sani. Jiya ta ce mini, "Wa ake kai wa tuwo zauren Baffanku?" Na ce baƙo ne. Ta ce, "A sa masa man shanu da yawa." Tsakaninsu bai fi jifa da dutse ba, ita ba za ta kira ba, shi ba zai zo ba, ni ina tsakiya da kwano a hannu.

Sabo zai juyo da wuri wannan karon, na roƙe shi. Don Allah ki rubuta abin da Hamma yake so, ko da ba haka ba ne. Layi ɗaya ya isa.

Hasiya

Fatakwal

Zuwa ga Hamma Lado. Hasiya, ki karanta masa kamar yadda na rubuta, kada ki gyara.

Hamma, ina gaishe ka da girmamawa. Sannu da hanya, sannu da haƙuri da mu ƙannenka.

Ka ce in rubuta cewa shigarka ba za ta yi wa Inna komai ba. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Ba zan iya rubuta maka haka ba, don ban sani ba, kuma babu likitan da ya sani. Zuciyar Inna ta kai inda za ta iya tsayawa kana ciki, za ta iya tsayawa kana zauren Baffa, za ta iya tsayawa tana barci. In na yi maka alkawari abin ya zo akasi, ba za ka ƙara yarda da maganar kowa ba har ka mutu.

Ga abin da na sani. Gudun da zuciya take yi na ɗan lokaci don ta ji muryar wanda take so, ba shi ne ya gajiyar da ita ba, ciwo ne ya gajiyar da ita. Lambar nan da aka nuna maka ba ƙararka take kaiwa ba. Mu duka 'ya'yanta ne, muna shiga muna fita, ba ta motsa ba. Kai kaɗai take tashi dominka. Abin da Inna ba za ta taɓa faɗa maka da baki ba shi ka gani a yatsanta, mu muka karanta maka shi a juye.

Kwanakin da suka rage mata ba na jin suna da yawa. Ni an ɗaure ni a nan, ko gawarta ba lalle in gani ba. Kai kana da ƙafa, kuma ƙofar tana gabanka. Ka shiga, Hamma. In wani abu ya faru, ni na ce ka shiga.

Hasiya, ki cire mata kaskar kafin ya zo, ki jefa ta cikin akwati.

Ƙanwarka,
Lubabatu

Falgore, bayan sadakar bakwai

Adda,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba mu haƙurin rashinta. Na san Baffa ya gaya miki a waya. Na kuma ji an ce jikinki ya sake tashi da kika ji, don Allah ki riƙe kanki saboda abin da ke cikinki. Abin da waya ba ta faɗa ba shi zan rubuta, don in ban gaya wa wani ba zai kashe ni.

Na karanta wa Hamma takardarki ban gyara ko wasali ba. Ya ce in maimaita wurin da kika ce shi kaɗai take tashi dominsa. Na maimaita. Washegari da hantsi ya yi alwala kamar mai zuwa masallaci, ya zo ya cire takalmi. Wannan karon bai tsaya a ƙofa ba, ya shigo ya tsuguna a gefen gado. Na cire kaskar yadda kika ce. Ina zaune a bayan Inna na tallafe ta, hannuna a kan wuyan hannunta.

Ya ce, "An tashi lafiya?"

Ta kau da kai wajen bango. Can ta ce, "Wa aka bar wa shanun?"

Ya ce Shitu. Ta ce Shitu barci ne da shi. Sai ta shiga tambayarsu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta haihu, wadda take ɗingishi, ko akwai ruwa a inda suke, ko ana ba su kanwa. Yana amsawa tana sake jawo wata, har da waɗanda ta san an daɗe da rabuwa da su. Macen da numfashi ba ya isarta ta ce a ba ta ruwa, ta riƙe shi da hira har rana ta take. Da zai fita ta ce mini, "Ki dama masa fura, kin bar mutum da yunwa." Ranar ita ma ta sha rabin ƙwarya.

Haka ya riƙa zuwa kullum. Ranar Alhamis ya gaishe ta ya fita duba rumbu, ina shafa mata mai a ƙafa, ta yi salati ta cika. Ba ta sha wuya ba.

Bayan sadakar uku ya kira ni gefe, wajen tsohon garke. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ce, "Hasiya, ran da na fara shiga, hannunki yana kan nata. Bugun ya tashi?"

Adda, na dube shi na ga mutumin da yake tambaya ko shi ya kashe uwarsa. Na ce a raina ba zan ɗora masa wannan ba. Na ce, "Ko kaɗan, Hamma."

Ya ce, "Ko kaɗan?"

Na ce, "Shiru, kamar ba wanda ya shigo."

Ya ce, "To. Allah ya ji ƙanta." Ya juya ya tafi. Ni kuma na koma cikin mata ina jin na yi abin kirki.

Bai jira bakwai ba. Washegari ya sa maigidana ya kai shi bakin titin Doguwa. Sai da maigidan ya dawo yake gaya mini cewa da Hamma zai sauka ya ce, "Lubabatu ta ce murna ce take tayar da shi. Na tafi na bar ta tana ciwo, da na dawo bai tashi ba." Ya kuma ce kada a neme shi, za su ƙara gaba da shanun, sai damina in Allah ya kai mu.

Maigidana ya koma bayan Saminaka, sun tashi. Wani ya ce sun yi wajen Nasarawa, wani ya ce Filato. Duk wanda na ji zai yi kudu ina ba shi saƙo, masu shanu da direbobi, amma me zan ce su faɗa? Ba maganar da ake ba baƙo a baki ba ce.

Bugun ya tashi, Adda. Tun daga sallamarsa ya tashi, yana dukan yatsuna har na ji tsoron ya gani, kuma bai sauka ba sai da ya fita. Kullum da ya zo haka yake yi, har safiyar Alhamis ɗin. Ke ya yarda da maganarki, don ba ki yi masa ƙarya ba. Ki rubuta masa, zan ajiye takardar a wurina. Ban dai san inda zan aika ta ba.

Ƙanwarki,
Hasiya